Bas Ɗin da Ya Bari Tana Sheƙi

Litinin, da hantsi

Auta ce ta ba ni wannan littafin. Wai in riƙa zuba surutuna a ciki, tunda na hana ta aiki da kiran waya. 'Yar da na haifa da cikina. To ga shi ina zubawa.

Babanta yana asibiti, a gadon da ke kusa da taga. Sun aske masa gemu ba su tambaye ni ba. Na kai masa shayi a filas, na dawo da shi yadda na kai shi. Tun daga ƙofa na fara yi masa magana. Na gaya masa an gyara famfon tsakar gida, na gaya masa kyanwar maƙwabta ta sake haihuwa a ƙarƙashin matakalarmu, na gaya masa kayan 'yan makarantar da nake ɗinkawa sun kusa kammala, ko da yake ƙarya ce. Idonsa a buɗe yake. Wani wuri yake kallo a bango, sama da kafaɗata kaɗan. Na matsa na tsaya daidai wurin, bai canza komai ba.

Likita ya ce mu jira. Na ce me za mu jira? Ya ce, "Mama, mu dai jira."

Bai kalle ni ba.

Talata, da yamma

Bai kalle ni ba.

Laraba, bayan azahar

Akwai wata nas mai tabarau, ita kaɗai ce ke gaishe shi kafin ta taɓa shi. Yau ta ja ni gefe ta ce, "Mama, ki kawo masa wani abu da ya sani, abin da hannunsa ya saba da shi. Wani lokaci ido yakan tsaya a kan irin wannan." Na ce, "Ni fa? Ni ba abin da ya sani ba ce?" Ta juya tana gyara masa bargo. Ni ma na ji kunyar tambayar.

Da na dawo gida na buɗe ɗakinsa na ƙasa. Ban shiga ba tun waccan Asabar ɗin da ya faɗi a ciki. Kujerarsa tana nan a kife yadda ta faɗi. Ban ɗaga ta ba, zagaye ta na yi.

Tun da ya ajiye tuƙin bas, a ɗakin nan ya tare. 'Yan ƙananan motoci yake sayowa a kwali, gutsu-gutsu na roba, ya zauna ya haɗa su da gam, ya yi musu fenti, ya manna musu lambobi da rubutu, ya jera su a kanta. Mutum da furfura har a gira! Na sha ce masa, "Malam, jikoki za su zo su tarar kana wasa da rabonsu." Ya ce duk jikan da ya taɓa masa mota zai san yana da kaka. Ni kaina iyakata bakin ƙofa. In na kawo shayi a kan wani ɗan benci na waje nake ajiyewa, wai jikina duk zare ne da ƙurar yadi, za su sauka masa a kan fenti. In na yi gigin sa ƙafa ciki, ba ya magana. Ɗago kai kawai yake yi ya harare ni ta saman tabarau, sai in ja da baya ina mita.

Ɗakin yana warin fenti, yana ƙamshin jikinsa. A kan tebur ga bas ɗin da yake cikin yi, kore da ruwan madara, babu lamba babu rubutu. Ban taɓa ta ba. Na ɗauko wata jar tankar mai daga kanta, na naɗe ta a ɗankwali.

Alhamis, da la'asar

Na ɗora masa tankar a kan bargo. Na ɗauki hannunsa na hagu, wanda yake ɗan motsi, na aza a kanta. Hannun ya zame ya koma inda yake.

Yayarsa tana wurin, wadda duk muke kira Yaya. Ta dube ni, ta dubi tankar, ta ce, "Yanzu fisabilillahi kayan wasa kika kawo wa mutum yana cikin wannan hali? Ni fa na daɗe ina faɗa, warin fentin nan ne ya ja masa, ba wanda ya saurare ni." Maganar da ta zo mini baki na haɗiye ta. Na ce, "Haka ne, Yaya."

Bai kalli tankar ba. Bai kalle ni ba.

Juma'a, da safe

Yau tirela zan kai. Jiya da na zauna a keke na ɗinke bakin aljihun wando guda huɗu ruf, sai da na gama na lura. Uwar yaran ta zo, na ce a ce mata ba na nan, alhali tana jin muryata.

Sun ce mu jira.

Asabar, da hantsi

Asabar ta sake zagayowa. Ba na son ranar nan yanzu.

Tirelar ma bai kalla ba. Na yi ta tunani, sai na ga wautata. Waɗancan ya gama da su, ya jera su, hankalinsa ya bar kansu. Wadda ransa ke kanta ita ce ta kan tebur.

Bas ɗin nan ba kamar sauran ba ce. Ita ce wadda ya tuƙa tun yana saurayi, mai bin hanyar kasuwar yadi. A cikinta ya fara ganina. Ina zaune bayan kujerarsa da ƙullin yadi a cinya, ya taka birki, kayana suka watse a ƙasa. Tun daga kasuwa har unguwarmu ban rufe baki ba. Na wanke shi tas, na wanke wanda ya koya masa tuƙi. Da zan sauka sai ya ce wa kwandastansa, "Gobe a cire rediyon motar nan, mun samu wata." Sunan ya bi ni har yau. Ko a gaban surukai in ya manta sai ya ce, "Rediyo, ina hulata?"

Kamfanin bas ɗin ya daɗe da rufewa, kuma ba a sayar da rubutunsa a kwali. Shi ya zauna da wani tsohon hoto ya zana komai da hannunsa, lambar goshi, dogon layin gefe mai sunan kamfani, tambarin ƙofa. Aka buga masa a wata takardar sitika ta musamman, irin wadda ake jiƙawa a ruwa. Falle ɗaya tak. A can ƙasan takardar har da wata 'yar mitsitsiya mai "Rediyo", wadda ya ce a bayan motar zai manna. Na ce ranar da ya manna ta zan jefa bas ɗin ta taga.

Na yanke shawara ni zan ƙarasa ta in kai masa.

Abin da ya fara damuna, sheƙi take yi, kamar an shafe ta da mai. Mutumin nan kuwa ya tsani sheƙi. Duk motocin da ke kan kanta babu mai ƙyalli ko ɗaya. Cewa yake motar da ke fita aiki ba ta sheƙi, sai wadda aka ajiye don a sayar. Na taɓa ɗinka masa riga da wani yadi mai ƙyalli, ya sa sau ɗaya, ya ce ya koma ledar alewa. Don haka na gane bai samu damar kashe mata sheƙin ba ne kafin abin ya faru.

Gwangwanayen feshi biyu ne a kan tebur, ɗaya murfinsa na ƙyalli, ɗaya ba ya yi. Na gwada na biyun a bayan cokalin roba, yadda na ga yana yi. Na fita tsakar gida, na sa bas ɗin cikin kwali, na fesa a hankali daga nesa. Da ta bushe, wallahi ta yi kyau. Ta koma sak 'yan uwanta na kan kanta.

Na ce, "Malam, ka gani? Ashe ba wani ilimi ba ne." Yau na ci abinci har na ƙara.

Lahadi, da yamma

Na gaya masa ina da abin da zan kawo masa, amma ba zan faɗa ba. Da can in na ce haka ba ya barina in zauna sai na faɗa.

Bai kalle ni ba.

Litinin, bayan azahar

Duk shekarun da na yi ina leƙensa daga bakin ƙofa, ashe ido ya ɗauka. Na ɗaure kaina, na sa rigar da ban taɓa zama da ita a keke ba, na wanke hannu har gwiwa. Ban iya ɗaga kujerarsa ba, sai na shigo da ɗan bencin shayi.

Ruwa mai ɗumi-ɗumi a faranti. Na yanka kowace sitika da ɗan almakashina, don nasa ko takarda ba ya ci da kyau. A kama da hantsaki, a tsoma, a ɗan jira, sai ka ga ta fara santsi a kan takardar. Sannan a tura ta da jiƙaƙƙen buroshi ta sauka a jikin mota, a danna da auduga ruwan ya fita. A ido abu ne mai sauƙi. Lambar goshi ina turawa ta nannaɗe kanta, na mayar da ita ruwa ina lallaɓa ta da bakin allura ina ce mata, "Haba 'yar nan, ki rufa mini asiri." Ta buɗe. Dogon layin gefe ya tsinke gida biyu, amma na haɗa bakinsu yadda ko ni sai na matso nake ganin wurin. Ɗinki ne dai, zare ne kawai babu.

Bayana ya ƙage, wuyana ya sandare. Yanzu na san abin da ya sa yake fitowa yana dafe da ƙugu, ni kuma ina ce masa ai ya yi aikin ƙarfi, sannu da ɗaukar tirela.

Na manna duka, ban da ta "Rediyo". Wannan ba ni zan manna ba.

Suna jiƙe, sun kwanta luf, kamar da fenti aka rubuta su. Na kira Auta na gaya mata. Ta ce, "Umma! Teburin Abba kika taɓa?" Na ce, "Na taɓa. Ya tashi ya hana ni mana." Sai ta ce ana kiranta.

Talata, da sassafe

Innalillahi.

Duk sun yi fari. Ba rubutun ba, gefensa. Kowace sitika ta yi wani fari-fari a kewaye, irin gishirin gumi da ke fitowa a baƙar riga. In na karkata ta wajen haske sai wurin ya yi walƙiya kamar azurfa, ana ganin iyakar kowace ɗaya, daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare. Na goga jiƙaƙƙen tsumma, ya ɓace. Na yi hamdala. Ya bushe, ya dawo. Na sake gogawa. Ya sake dawowa. Ban san sau nawa na yi ba.

Ban je da wuri ba yau. Da na je ma ban yi magana sosai ba, har nas ɗin mai tabarau ta tambaya ko lafiya.

Laraba, da la'asar

Na je shagon Dogo, abokinsa, wanda yake sayar masa da motocin da fenti. Ban taɓa shiga ba sai yau. Ɗan shago ne a layin bayan tasha, kwalaye har rufi, mutum biyu ba sa iya giftawa.

Ya ce, "Maman Auta, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi, yadda ake cewa. Na kwance ƙyallen na ajiye masa bas ɗin a kan kanta. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya sake juya ta. Ya ce, "Wa ya manna?" Na ce ni. Ya ce, "Hannunki ya fi na wasu da suka shekara suna yi. Amma a kan me kika manna?" Na ce, "Sai da na kashe mata sheƙin tukuna, yadda yake so."

Ya cire tabarau ya shafa fuskarsa.

"Ai da gangan ya bar ta tana sheƙi."

Na ce ban gane ba. Ya ce in shafa yatsa a rufin motar, na shafa. Ya ce in shafa gilashin kantarsa, na shafa. Ya ce, "Kin ji bambanci? Fenti mara sheƙi kaushi gare shi, ido ne ba ya gani. In kika ɗora sitika a kai ba ta kwanciya, iska na maƙalewa a ƙarƙashinta, farin nan da kike gani iska ce. Shi ya sa ake fara fesa mai sheƙi, jikin ya yi sumul, a manna, ta bushe, sannan a kashe sheƙin gaba ɗaya a ƙarshe. Daidai kika yi, sai dai kin sa na ƙarshe a farko."

Sai ya ƙara da abin da na so bai faɗa ba. Ya ce ranar Alhamis ɗin makon da ya faɗi ya zo nan ya sayi mai sheƙin, yana ta murna, ya ce in ta bushe ranar Asabar zai manna.

Na ga faranti a ƙasa ranar, da ruwa a zube kusa da kujerar. Ban gane manna sitikar yake shirin yi ba sai yau.

Na tambaya ko za a sake bugawa. Ya ce zanen yana wurin mai shi, shi bai san inda ya ajiye ba. Ya ce akwai dabara, a huhhuda farin da siririyar allura, a ɗiga wani ruwa mai tausasa sitika, zai ragu amma ba zai tafi duka ba. "Ki bar ta a nan in gwada." Na ce a'a. Ban san dalili ba, na dai naɗe abata na fito.

Abu ɗaya ya bari daidai, yana jiran ya dawo ya ƙarasa, ni kuma na bi shi da gyara na lalata. A tashar bas na zauna na yi kuka, mata suna ba ni haƙuri ba su san na me ba.

Alhamis, da yamma

Bai kalle ni ba. Yau kam ban so ya kalle ni ba.

Juma'a, da hantsi

Likita ya kira ni da Auta ofishinsa, ya ba mu kujera. Tun da ya ba mu kujera na san ba alheri ba ne. Ya ce abin da za su iya yi a nan sun yi, sauran sai a gida, mako mai zuwa za mu tafi da shi. Ya yi bayanin juya shi, da abinci, da magani. Auta tana rubutawa. Ni tambaya ɗaya ce da ni. Na ce, "Likita, ya san ni?" Ya ce, "Mama, ba zan ce miki e ba, ba kuma zan ce miki a'a ba."

To me aka yi ke nan? Ko ni da ban yi karatu ba zan iya ba da wannan amsar.

Asabar, bayan azahar

Ba zai iya hawa matakala ba, don haka ɗakin motocin ne zai zama ɗakinsa. Yaya ta zo da kwalaye. Na shirya faɗa, na ce yau in ta jefa masa mota ɗaya a shara sai an raba mu. Sai na ga tana naɗe su ɗai-ɗai a tsohuwar jarida, a hankali, har tana hure musu ƙura. Ta ɗauki tankar nan ja ta daɗe tana kallo. Ta ce, ba ni take gaya wa ba, "Tun yana yaro da gwangwanin madara yake yin su. Ni nake tsinto masa murafun kwalba na taya." Ta juya mini baya tana gyara kwalin da ba abin da ya same shi.

Ita ce ta ɗaga kujerar. Na fita tsakar gida kafin ta gama.

Bas ɗin kuwa tun safe na naɗe ta na tura can ƙasan jakata, kada ita ko Auta su ga abin kunyar da na yi.

Lahadi, da la'asar

Bari in rubuta yadda ya faru kafin in fara ƙara masa gishiri.

Farcensa ya yi tsawo. Abin yankan farce yana ƙasan jaka, sai na fito da kayan ciki na zube a kan ɗan teburin nan mai taya da ake tura masa a gaba. Ƙyallen ya kwance, bas ɗin ta fito, ban kula ba. Rana tana shigowa ta taga. Na zagaya na kama hannunsa na dama ina yanka, ina ba shi labarin Yaya da murafun kwalba.

Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙyas, ƙyas.

Hannunsa na hagu yana kan teburin. Babban yatsansa yana kan dogon layin gefe, daidai inda farin ya fi yawa, yana kankarewa. Idonsa yana kai. Ba bango yake kallo ba, bas ɗin yake kallo, kuma goshinsa ya tattare.

Na ce, "Malam?" Ya ci gaba da kankara. Na ce, "Ni ce. Ni na yi. Na fesa mara sheƙin kafin in manna, Dogo ya gaya mini, na sani, ka yi haƙuri." Nas ɗin mai tabarau tana bakin ƙofa, ta ɗora yatsa a baki wai in yi shiru. Ni! Na yi shirun kuwa.

Can hannun ya gaji ya sauka. Idon ya koma bango.

Bai kalle ni ba. Amma ya ga ɓarnar.

Litinin, da hantsi

Na tare likita a hanya na gaya masa. Ya ce yakan faru, mai yiwuwa walƙiyar ce ta ja idonsa, kada in ɗora rai da yawa. Na ce mutumin da walƙiya ta ja idonsa ba ya tattare goshi. Ya ce, "Allah ya sa, Mama," ya wuce.

Na sake ajiye ta a gabansa. Yau hadari ne, babu rana. Na karkata ta nan, na karkata ta can, kamar mai talla. Ko gezau.

Talata, da yamma

Ko gezau. Na fara tunanin ko ni na ƙirƙira. Na je na nemi nas ɗin na ce, "Kin gani ko ba ki gani ba?" Ta ce, "Na gani, Mama."

Alhamis, bayan azahar

Mun dawo da shi. Maza huɗu suka shigo da shi, kansa ya kusa bugun ƙofa, na yi musu tas.

Gadon yana inda kantar take da. An tura teburin jikin taga. Na shimfiɗa katifata a ƙasa kusa da shi. Ɗakin da aka hana ni shiga, yanzu a ciki nake kwana, a ciki nake sallah, har keken ɗinkina Auta ta shigo mini da shi. Zare ko'ina, ƙurar yadi a kan komai. Ba wanda ya ce mini kanzil.

Bangon nan ma ya samu wurin da yake kallo.

Juma'a, da la'asar

Dogo ya zo. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Direba, ka bar ni da kaya a shago ba mai saye." Ya jira amsa. Ya ba shi labarin wata sabuwar motar kashe gobara da ta iso. Ya sake jira. Sai ya tashi ya tsaya a taga yana share tabarau.

Ya kawo mini 'yar kwalbar ruwan nan da siririyar allura, ya ce in ina so ya gyara farin yanzu. Na ce ba za a gyara ba. Ya dube ni. Na ce, "Masu kyau na kai masa, bai gan su ba. Wannan ya gani." Na ce abin da nake so ya nuna mini shi ne yadda zan mayar da sheƙi a bayan motar kawai, wuri ɗan kaɗan. Ya rufe sauran jikin da takarda, muka fita tsakar gida ya fesa. Ya ce in bar ta ta kwana. Ya ce kuma in tuna, in sitika ta sauka lokaci kaɗan gare ni, da ruwan ya tsane ta kama, ba ta sake motsi.

Da zai tafi ya ce, "Maman Auta, me za ki yi?" Na ce ɓarna.

Asabar, da hantsi

Mun tayar da shi zaune, mun tokare shi da matasai. Na sa Auta ta riƙe tire a gabansa, bas ɗin a kai, bayanta yana fuskantarsa. Na kawo faranti da ruwa mai ɗumi. Na yanko ta "Rediyo", ita kaɗai ta rage a takardar.

Na tsoma, na jira, na tura ta da buroshi. Ta sauka a kan sheƙin ta kwanta sumul, babu fari ko ɗigo, a miƙe kamar an gwada da tef. Wallahi sai da na ji daɗi. Sannan na sa bakin buroshi na ture gefe ɗaya sama, ta karkace sosai, yadda ko daga ƙofa za a gani.

Na ce, "Yawwa. Haka ma ya yi. Wa zai lura? Ai bayan mota ne, ƙura ce za ta rufe. Ni ban ga abin da mutum zai zauna yana wahalar da kansa a kai ba, abin wasan yara. Auta, ba ta yi kyau ba?" Auta ta ce, "Ta yi, Umma."

Yana kallon bango.

Na ci gaba. Na ce gobe ma zan buɗe kwalayen in wanke sauran da omo. Na ce tankar nan ja zan ba jikan maƙwabta. Na faɗi duk abin da na san zai sa ya tashi tsaye da can. Ruwan yana tsanewa ina gani, gefen sitikar ya fara bushewa. Auta ta ce a hankali, "Umma, za ta kama." Na ce ta kama. Maganata ta ƙare. Ban taɓa sanin tana ƙarewa ba.

Sai hannun hagun ya taso daga kan bargo. Ya daɗe a hanya. Ya bugi gefen tiren, ya sake tasowa, yatsa ya sauka a kan sitikar ya tura ta ƙasa. Ƙarfin ya yi yawa. Ta tattare, ta yage biyu, rabi ya manne masa a yatsa.

Ya kalli yatsan. Sannan ya ɗago kai, a hankali, ya wuce tiren, ya wuce Auta, ya tsaya a fuskata. Babu tabarau, gefen bakin yana nan a karkace yadda ciwon ya bar shi, amma ita ce. Wadda ake yi mini in na sa ƙafa a ɗakin nan.

Auta ta ce, "Umma, hararar ki yake yi."

Na ce na gani.

Bai ce komai ba. Likita ya ce mai yiwuwa ba zai sake cewa ba. Hannun daman yana nan yadda yake. Sitikar ta yage, kuma babu wata.

Lahadi, da safe

Na kawo shayi. Na ajiye kofin a kan teburinsa, dab da bas ɗin.

Ya harare ni.